Littafin da za a karanta wa yaro da dare: wanne za a fara saya?

Yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas da kunne yake shan labari, ba da ido ba. Littafi yana iya yin suna a duniya, malamai su yi ta yabonsa, amma ka buɗe shi bayan sallar isha'i, kafin ka kai ƙarshen shafi na biyu yaron ya koma wasa da bakin tabarma. Na sha ganin haka a ɗakina. Shi ya sa yanzu in na tsaya gaban mai sayar da littattafai, nakan buɗe tsakiyar littafin in karanta shafi guda a bayyane, ko da ƙasa-ƙasa ne. In harshena ya yi ta tuntuɓe, ko numfashina ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, to na san a gida ma abin da zai faru ke nan, sai in mayar masa da kayansa.

In kuɗin littafi ɗaya ne a hannunku, ku sayi Magana Jari Ce na ɗaya. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, aka fara buga shi a 1937, kuma littattafai uku ne. Ba don tsufansa na sa shi gaba ba, sai don yadda aka gina shi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a hallaka shi, shi kuma Musa ba abin da yake so irin ya bi sahun mayaƙa. Aku ne yake riƙe shi da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. Kun ga ke nan littafin da kansa a yanke yake daidai zaman dare ɗaya. Ka karanta labari guda, minti goma ko sha biyar, ya zo ƙarshe, ka rufe. Amma yaron zai kwanta da tambaya a ransa: gobe Musa zai fita ko aku zai sake tsare shi? Wannan tambayar ce take sa shi ya ɗauko maka littafin da kansa washegari, tun kwanon tuwo bai bar gabanka ba.

Hausar littafin kuma ta baki ce. Akwai zance tsakanin mutane da yawa, akwai karin magana, akwai wuraren da dole ka sauya murya, ka yi ta tsohuwa, ka yi ta bafade, ka yi ta aku. Yaro zai tsayar da kai ya tambayi mene ne sulke, mene ne anini, wane ne barde. Kada ku ɗauki wannan a matsayin katsalandan, rabin ribar karatun ke nan. Abu ɗaya dai: ba kowane labari ne a ciki ya dace da ɗan shekara biyar ba. Akwai na ɓarayi da kisa, akwai na rikicin miji da mata. Ku riƙa leƙa labarin gobe tun da rana, wanda bai yi ba ku tsallake, yaron ba zai rasa zaren ba tunda kowane labari da ƙafarsa yake tsaye. Na biyu da na uku su jira, ba su da saurin kama ƙaramin yaro kamar na farko.

Wani yaron kuwa ba ya son a yi ta sauya masa mutane. Jarumi ɗaya yake so, wanda zai bi tun daga farko har ƙarshe, ya wayi gari yana kwaikwayonsa da kara a tsakar gida. Wannan nasa Iliya Ɗan Maiƙarfi ne, na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951. Iliya ya taso ba ya iya tafiya, har wasu baƙi suka zo ya samu lafiya da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ya hau dokinsa Kwalele ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Asalin labarin na mutanen Rasha ne, jaruminsu Ilya Muromets, Kib ɗin ma Kiyef ce, amma an yi masa rigar Hausa har ba ka jin baƙuntarsa. Littafin ba shi da kauri, jimlolinsa gajeru ne, kuma farkonsa yana taɓa zuciyar yara ƙwarai, musamman yaron da yake ganin kansa a baya cikin sa'o'insa. Akwai sara da suka da yawa a ciki. A ganina irin yaƙin tatsuniya ne, mai nisa da rayuwar yaro, amma in naku mai firgita ne cikin barci, ku karanta masa da yamma maimakon dab da kwanciya.

Tsakanin Iliya da Ruwan Bagaja, mutane da yawa za su ce Ruwan Bagaja, ni ma a wajen daɗi ba na musu. Shi ne littafin da Abubakar Imam ya shiga gasar rubutu ta 1933 da shi, wadda wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya, aka buga shi a 1934. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Sai dai dariyar littafin ta wayo ce da ramuwa, kuma sai yaro ya kai inda zai gane cewa mai ba da labarin ma ba waliyyi ba ne kafin ya ji daɗinta yadda ya kamata. Ɗan shekara biyar zai ga ana dukan mutum ko ana ɗaure shi, bai san me ya sa manya suke dariya ba. Ɗan takwas kuwa har ƙasa zai kai. Ku saye shi, amma ku ajiye shi a sama tukuna.

Sauran 'yan wannan gasa ba na ƙananan yara ba ne. Ganɗoki na Bello Kagara yana da kirari mai daɗin faɗa da murya, amma farkonsa yaƙin zuwan Turawa ne, yana bukatar wanda ya san ɗan tarihi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ina roƙonku kada ku karanta wa ƙaramin yaro shi da dare. Labarin yaron da aka sace ne aka kai shi bauta, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Littafi ne mai girma, lokacinsa yana zuwa, wajen shekara goma sha biyu. Haka cikakken Dare Dubu da Ɗaya, akwai abubuwan da ba a karanta su gaban yara. In kuna son su san Sindbad da tafiye-tafiyensa na teku, ku karanta ku kaɗai, ku ba su da bakinku.

Sai na Ingilishi, inda aka fi yin asarar kuɗi. Kusan kowane tsohon littafi iri biyu ake sayar da shi: cikakke, yadda marubucin ya bar shi, da taƙaitacce mai hotuna wanda aka sauƙaƙa wa yara, irin na Ladybird ko jerin Oxford Bookworms. Iyaye da yawa suna ɗaukar cikakken saboda ya fi kauri, suna ganin ya fi cin kuɗinsa. Ga yaron da Hausa ce harshen gidansu, taƙaitaccen ne naku. Ingilishin shekara ɗari da wani abu ko babba yana shan wuya da shi. Yadda na ga ya fi tafiya shi ne a karanta shafi da Ingilishi, yaro yana kallon hoto, sannan a maimaita masa da Hausa a taƙaice.

A cikinsu The Jungle Book na Rudyard Kipling, na 1894, shi ne ya fi kusa da kunnen ɗan Bahaushe, domin dabbobi ne suke magana suna shari'a kamar a tatsuniyar Gizo. Mowgli yaro ne da kyarketai suka raina a dajin Indiya, damisa mai suna Shere Khan tana farautarsa. Akwai kuma labarin Rikki-Tikki-Tavi a ciki, wani ɗan tunku da ya tsare gida daga macizai, wanda ake gamawa a zama ɗaya ko biyu. Ku duba ko bugun da aka miƙo muku yana ɗauke da shi, domin wasu hotunan fim ne kawai aka jera da 'yan layuka a ƙasa.

In 'ya mace kuke saya wa, akwai abin da ya daɗe yana damuna: duk jaruman da na lissafa a sama maza ne. The Wonderful Wizard of Oz na L. Frank Baum, wanda ya fito a Amurka a 1900, yana cike wannan giɓi. Dorothy yarinya ce da guguwa ta ɗauke ta da gidansu ta jefa wata ƙasa, ita ce take jan tafiyar, har da wani zaki matsoraci a bayanta. Babi 24 ne gajeru, Ingilishinsa kuma ya fi na sauran sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai mayu da tsafi a ciki, wasu gidajen ba sa so, wannan ku ne za ku yanke. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, shi kuma ba aljani ba maye: yaro ne a Anacha da yake neman sisin da zai biya jirgin fito ya haye kogi zuwa Asaba. Yara suna kama shi da wuri saboda burin nasa irin nasu ne.

Treasure Island na Robert Louis Stevenson, na 1883, shi ne wanda masu shago suka fi turo wa mutum. Labari ne mai kyau, taswira da dukiyar da aka binne da 'yan fashin teku, amma na ɗan shekara tara ko goma ne. Ana shan giya, ana kisa a fili, kuma mugun da ke cikin labarin, Long John Silver, mutum ne mai fara'a da daɗin baki wanda ƙaramin yaro zai so shi, sannan ya rikice in ya ga abin da ya aikata. Robinson Crusoe na 1719 yana da nauyin tafiya, kuma ku sani jirgin da ya nutse da shi bayi ya fito saye a gaɓar Afirka, baƙon da ya ceta kuma kalmar "ubangida" tana cikin na farko da ya koya masa. In za ku karanta shi, ku shirya yin wannan bayani. King Solomon's Mines na 1885 ban ga dalilin kai shi gaban ƙaramin yaro baƙar fata ba, yadda ya siffanta mutanen Afirka ya isa hujja.

Da kun zaɓi suna, saura takardar kanta. Na Hausar nan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya daɗe yana buga su, amma kasuwa cike take da bugun jabu. Na taɓa sayen wani a gaggauce, sai da muka yi nisa, yara sun natsu, na tarar an tsallake shafi takwas a tsakiya, wasu kuma an maimaita su. Tun ranar nake ƙirga lambobin shafi a gaban mai shago, in an naɗe littafin a leda in ce a buɗe. Ku duba tawada ko ta dusashe, ku duba ko ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta fito, domin in ta shafe mai karatu a bayyane zai yi ta cin karo. Ku buɗe littafin sosai ku ga ko takardun za su zazzago daga gindi. Girman rubutu ma abin dubawa ne, tunda sau da yawa da fitilar caji za a yi karatun. Ana samun wasu daga cikinsu a waya, amma da zarar hasken waya ya shiga tsakaninku, yaron wayar zai nema, ba labarin ba. In bugu biyu ne a gabanku, ɗaya da hotuna ɗaya babu, ku ƙara kuɗin ku ɗauki mai hotunan.