Tsohuwar camama ko fassarar Indiya? Ga wanda zan ce ka cika memorinka da shi

Camama, ɗan uwa, wato finafinan Hausa na barkwanci irin na ƙauye. Tunda ka ce fim marar kan gado kake nema wanda za ku baje da abokai ku yi ta ƙyaƙyata dariya a hutun nan, kuma memori ɗaya gare ka, to tsakanin tsohuwar camama da fassarar Indiya ta faɗa ni ko dogon tunani ba na yi. Amma bari in ba ka dalili kada ka ce son kai ne.

Akwai wata tsohuwar laftof a wajena wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin wuta take tashi, kuma abin da ya hana ni rabuwa da ita kawai folda ɗaya ce da na tara finafinan zamanin CD, irin waɗanda ake sarowa a Ƙofar Wambai da Bata a Kano, na kwafe su tun kafin faifan su gama karcewa. Yawancinsu na marigayi Rabilu Musa Ibro ne, Allah ya jiƙansa, sai na su Bosho da Daushe da Baba Ari da Ɗan Gwari, sai kuma wasu na aljanu da bokaye da ban ma san sunan kowa a ciki ba, kuma wallahi waɗannan na ƙarshen su ne suka fi kashe ni da dariya don su ba da niyyar barkwanci aka yi su ba, tsoro aka so a ba mu.

Akwai ɗaya da ba na gajiya da shi. Aljani ne ya tare wani mutum a bayan gari, an naɗe shi da farin yadi an shafe masa fuska da hoda, idon nan an zambaɗa kwalli, yana magana da wata murya da aka sa wa amsa-kuwwa har ba ka jin me yake cewa. Ka kalli ƙafarsa, silifas ɗin wanka ne shuɗi. To lokacin da zai ɓace sai aka tsayar da kyamara ya fita daga wajen aka ci gaba da ɗauka, shi ke nan an yi siddabaru. Matsalar ita ce akwai wata akuya a bayansa tana cin kara, da ya ɓace ita ma sai ta ɓace, inuwar bishiyar ma ta matsa gefe, alamar sai da aka je aka ci abinci aka dawo. Ranar da na kunna wa kawuna wannan, mutumin da ya yi shekaru yana hedimasta kuma kullum cewa yake shi ban da labarai ba ya kallon komai, sai da ya ce in mayar baya, ya gyara tabarau ya matso, da akuyar nan ta sake ɓacewa ya yi dariya har da tari, yana cewa to ita kuma baiwar Allah me ta yi aka tafi da ita. Tun daga nan in ya zo gidan sai ya gama zancen siyasa da tsadar taki, can sai ya yi ƙasa da murya ya ce, kai yaro, wannan na akuyar yana nan kuwa?

Irin wannan camama take ba ka, kuma ba sau ɗaya ba, kusan kowane minti biyar akwai abin tsinta. Fim na zamanin da, sarki da fadawa da dogarai, sai ka hangi ɗan acaɓa ya gifta ta baya, ko falwayar wuta a saman bukka. Yaran gari sun yi cincirindo a kan katanga suna leƙen kyamara, wani ma yana ɗaga hannu. Makirufo ya leƙo daga sama ya koma. Ƙarar janareta tana bin ka tun daga farkon fim har ƙarshe. Ɗan sanda da kakin da ya yi masa yawa da bindigar katako, jinin da aka zuba wa wanda aka sara kana gani ka san ko zoɓo ne ko kalar rini. Wanda ya mutu yana kwance cikinsa na hawa da sauka, ƙuda ya sauka a hancinsa ya yamutsa fuska. Wani lokacin ma abokin wasan Ibro ne dariya take ƙwace masa a tsakiyar magana ya juya baya yana rufe baki, kuma haka aka bar shi don ba kuɗin sake ɗauka. Ba wanda ya zauna ya tsara waɗannan, ƙarancin kuɗi ne da sauri, a kwana kaɗan ake gama fim a wani ƙauye, sau da yawa ma ba rubutaccen labari, darakta ya faɗi abin da yake so kowa ya yi da bakinsa. Kuma kai da kake kallo ka san irin garin, ka san irin zauren, ka san irin tsohon nan da ya tsaya da kekensa yana kallon ikon Allah, shi ya sa kuskuren yake shigarka.

Kada kuma ka ɗauka duk shirme ne. Ibro gwani ne na gaske, mutumin Ɗanlasan da ya fara da aikin gidan yari kafin fim ya ɗauke shi, daga baya a 2008 zamanin da Malam Rabo yake riƙe da hukumar tace finafinai ta Kano aka kai shi gidan yarin a matsayin ɗaurarre saboda fim. Ya rasu a Disambar 2014 kuma har yau ba a samu wanda ya maye gurbinsa ba. Don haka dariya biyu kake samu a kuɗi ɗaya, wadda ya ba ka da gangan da wadda talaucin aikin ya ƙara maka kyauta.

Fassara kuwa, to, ba zan ce ba ta da daɗi ba. Na taɓa sayen filasha cike da ita, yanzu takardun makarantar yara ne a kai. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne yawancin finafinan nan ba munanan finafinai ba ne, manyan finafinai ne na Kudancin Indiya, na Telugu da ake yi a Haidarabad da na Tamil da ake yi a Cennai, an kashe musu maƙudan kuɗi, kyamara mai kyau, sauti mai kyau, ƙwararru ne suka yi. Ƙaryar da ke ciki da gangan aka shirya ta. Jarumi ya taka ƙasa ƙura ta tashi, ya naushi mutum ɗaya goma su tashi sama, motoci farare su yi ta wuntsilawa ba dalili. Can ne jarumi Chiranjeevi ya zurara da doki ta ƙarƙashin babbar mota a wani fim na 1995, can ne jarumi Balakrishna ya daki cinya ya nuna jirgin ƙasa da yatsa jirgin ya koma da baya. Ka gani sau ɗaya ka yi dariya, ka gani na biyu ka murmusa, kafin a kai rabin fim ka riga ka san duk wanda ya taɓa ƙanwar jarumi sai ya tashi sama a hankali yana juyi, ga shi kuma sauran awa ɗaya da rabi, don da yawansu sun haura awa biyu da rabi. A zama da abokai wannan tsawon shi yake kashe hira, kafin bos ya mutu biyu sun yi barci ɗaya ya koma danna waya.

Inda zan sara wa fassara shi ne bakin masu yin ta. Su Algaita da ire-irensu sun iya zuba karin magana da baƙar magana irin ta 'yan Kano a bakin Ba'indiye, ka ga ƙato da gashin baki a tsakiyar Haidarabad yana cewa zai ci uban wani a Hausar Fagge, wannan kam akwai daɗi. To amma wannan ai gwaninta ce, kai kuma shirme ka ce kana nema. In aka samu masu fassarar da ba su iya ba kuwa, murya ɗaya ta yi uwa ta yi budurwa ta yi kaka, kiɗan asali yana ɗaukewa duk lokacin da za a yi magana ya dawo da ƙarfi kamar zai fasa sifika, wannan ba ya ba da dariya, ciwon kai yake sawa.

Ta fannin wuri ma camama ta fi sauƙi. Yawancinsu ba su cika wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba kuma hoton dama can ba wani kwaliti gare shi ba, don haka ba su da nauyi, inda fassara ɗaya mai kyan hoto za ta zauna sai ka zuba camama uku ko huɗu. Kuma gajartar tana da amfani, in wannan bai yi ba ku tsallaka na gaba ba wanda zai ji an yi asara.

Na ga ka rubuta tambayar kana ɗan kame-kame, wai kada a yi maka dariya. Haba malam. Tun lokacin da aka raba finafinan Hausa gida biyu, santimental na 'yan birni masu rawa da waƙa a lambu, camama kuma aka ce ta mutanen ƙauye ce, 'yan boko suke yatsina fuska a fili suna kallo a ɓoye. Kamar garau-garau ce, kowa na ci amma ba kowa ke so a gan shi da kwanon ba. Turawan ma da ake gani suna da nasu, akwai wani fim The Room na 2003 da wani Tommy Wiseau ya kashe wa kusan dala miliyan 6, ya fito ba kai ba gindi, amma har yanzu ana haska shi a silima a Amurka da Ingila mutane su cika suna ihu suna jifan allo da cokulan roba. A Yuganda kuma Isaac Nabwana ya yi fim ɗin faɗa a unguwar Wakaliga ta Kampala da kuɗin da bai wuce dala 200 ba, jirgin sama mai saukar ungulu na kwamfuta kamar zanen yara, duniya ta ɗauka tana yayi. Su suna alfahari da nasu, mu ne muke sauya wa folda suna zuwa "karatu".

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma shi ne zai iya ɓata maka hutun. Ka yi hattara da masu sayar da memori da filasha na jabu, sun cika gari. Za ka ga an rubuta 64GB a jiki da sunan babban kamfani, ka sa a waya ita ma ta nuna maka 64GB, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba ko ƙasa da haka, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne yana faɗin ƙarya. Turi zai yi ta shiga lafiya lau kana ganin sunayen finafinai reras, sai ka je gida ka tarar rabi ba sa buɗewa, don da wurin gaskiyar ya cika sauran ko dai iska suke shiga ko su hau kan na farko su lalata su. Alamar farko ita ce araha, in ka ji kuɗin ya yi ƙasa da na ko'ina sosai to ka ajiye masa kayansa. In kana da kwamfuta akwai wata 'yar manhaja H2testw, tana cika shi taf ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. In babu, to bayan an gama turi kada ka bar shagon sai ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowanne ka ja shi zuwa kusa da ƙarshe ka ga yana tafiya.

Su ma masu turin akwai nasu halin. Wani zai tura maka fim ɗaya da suna uku daban-daban ya ƙirga maka uku. Wani ya ba ka na 1 ya ce na 2 yana ciki, sai an kai daidai inda boka ya ɗaga wuƙa a rubuto "mu haɗu a kashi na biyu" ka duba babu. A fassara kuma sun iya ɗora hoton manyan jarumai irin su Prabhas ko Allu Arjun a fim ɗin da ko ƙeyarsu babu a ciki. Sannan akwai wanda in ka ce camama sai ya cika maka da gajerun barkwancin YouTube na yanzu, waɗanda ake yin shirmen da gangan don a samu masu kallo, wannan daban ne kuma ba ya daɗewa yake gundura. Ka ce masa na zamanin CD kake so, daga wajen 2000 zuwa rasuwar Ibro, kuma ka tsaya a kansa yana turawa, kada ka ba shi wayarka ka tafi sallah ka dawo, memorin kawai za ka miƙa masa.

Abu ɗaya da zan amsa a kan camama, wasu akwai zagi da maganganun da ba za ka so a ji a gaban iyaye ko yara ba, wasu kuma tsokanar Gwarawa da Fulani da masu lalura ta wuce wasa, don haka in a falo za a kalla ka fara leƙawa kai kaɗai.

Ka cika kashi uku cikin huɗu da camama, ka tabbata akwai na aljanu da bokaye ko guda biyar a ciki, ragowar wurin ka sa fassara biyu ko uku saboda abokin nan da ba a rasawa wanda zai ce shi sai Indiya. In mai turin unguwarku ba shi da tsofaffin, ka tambayi dattawan masu shagon da suka taɓa yin haya ta kaset da CD, su ne suke da su a ajiye.