Lokokin da aka haɗa mana a ɗakin canza kaya na jim

Masu ta tambayata wa ya yi mana lokokin ɗakin canza kaya na jim ɗinmu (wurin motsa jiki), wato akwatunan ajiye kaya masu makulli, wani shagon walda ne a nan cikin gari, kuma gaskiya in ka ce in ba ka shawara zan ce ka je a haɗa maka daidai da ɗakinka, kar ka ɗauko na kwali da ake shigowa da su, amma fa akwai abubuwan da sai ka tsaya a kansu da kanka.

Abin da ya fara burge ni, ogan shagon bai tambaye ni mutum nawa suka yi rajista ba. Cewa ya yi, ranka ya daɗe mutum nawa ke haɗuwa a ɗakin nan lokaci ɗaya in an cika? Mu kuwa cikarmu bayan sallar asuba ce da kuma bayan la'asar zuwa magariba, a kan wannan ya yi lissafi ya ɗan ƙara kaɗan saboda gaba. Sannan ya zana layin lokokin da alli a ƙasa, ya ajiye benci ya ce in zauna kamar zan cire takalmi, yaronsa ya buɗe hannu kamar ƙofar loka ya wuce ta gabana, nan muka ga dole a bar fili ya haura mita 1 tsakanin benci da loka in ba haka ba mutum na ɗaure igiyar kambas ƙofa na bugun kansa.

Girman da aka saba shi ne tsawo santimita 180, faɗi 30, zurfi 45 zuwa 50, a raba shi gida biyu sama da ƙasa. To a nan ne na kwali ke ba mutanenmu matsala, domin rabin ƙofa santimita 90 ne kawai, riga da wando na bature za su shiga, amma mutumin da ya taso daga ofis da kaftani na shadda an buga masa guga ina zai rataye shi? Sai ya naɗe ya cusa, ya fito duk ya yamutse. Shi ya sa muka sa aka yi layi guda masu doguwar ƙofa da sandar hanga a ciki da ɗan kanta a sama na hula da agogo da waya, kuma wallahi su ake fara kamawa kullum.

Kowace ƙofa an huda mata wurin shan iska sama da ƙasa, wannan ba ado ba ne, jiƙaƙƙen tawul da rigar gumi in suka kwana a rufe warin ba ya fita. An ɗaga su a kan ƙafa don ruwan mofa kar ya taɓa gindin, saman kuma a karkace yake don kar a riƙa ajiye gorar ruwa kuma ƙurar hunturu ta yi sauƙin gogewa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne makulli. Waɗanda suka saka masu ɗan ƙaramin ki ne marasa ƙwari, wasu sun fara cijewa, ga mutane na ɓatar da ki, kullum sai an nemo mastaki, wato kin da ke buɗe su duka, abin na ci min rai domin mutum ya ba ka amanar wayarsa da walat ɗinsa ne. Da na koma musu ba su yi gardama ba, sun canza mana zuwa maƙalin kwaɗo kowa ya zo da nasa, amma sai da na biya kuɗin aiki.

Na biyu, layin da ke kusa da shawa ya fara tsatsa a gefen ƙasa da wajen hinjis tun damina ba ta ƙare ba, duk da fentin foda da aka gasa masa. Ƙarfe da tururi ba sa shiri. Wannan ɓangaren in kana da hali ka sa na HPL, allon nan mai tauri da ruwa ba ya shigarsa, ya fi tsada sosai amma layi ɗaya ne. MDF kam, wato allon garin katako da aka matse, kar ma kafinta ya lallaɓe ka, kumbura yake in ya sha ruwa. Kuma kafin ka biya kafin alƙalami a rubuta kaurin ƙarfen a takarda, kar ya gaza milimita 0.8, sannan a ɗaure kowane layi da bango da kusa mai noti.