Gembu ko Pankshin: ina za a je shan iskar dutse?

Duk lokacin da zafin bazara ya tsananta, abokai kan tambaye ni wanne gari za su nufa tsakanin waɗannan biyu.

Ta fuskar hanya, Pankshin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Daga Jos ka bi ta Mangu, kafin azahar ka isa. Gembu kuwa sai ka ratsa Jalingo, Bali da Serti, sannan motarka ta fara hawan tsaunin Mambila mai lanƙwasa. Kuɗin mai ya fi yawa, kuma da damina hanyar na buƙatar direban da ya san ta.

Amma wahalar tana biya. Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,600, ga ciyawa kore shar, ga gonakin shayi na Kakara. Yankin yana ƙarƙashin Kamarun Ingila har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma ni wannan tarihin ne ya fi jan hankalina. Mambila da Fulani ne suka fi yawa, Fulatanci ne harshen kasuwa.

Pankshin garin Angas ne, duwatsu kewaye da shi, kuma Hausa na ci ko'ina.

Mai iyali da hutun kwana biyu, Pankshin ta ishe shi. Wanda ke da mako guda da mota mai ƙarfi, ya ɗauki rigar sanyi ya nufi Gembu.