Kwas ɗin harajin darajar fili ta intanet: yadda na same shi daga Garwa

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi na halarci wani kwas na kyauta ta intanet, wanda wata ƙaramar ƙungiyar masu sa-kai da ke gabashin Amurka take gudanarwa domin yaɗa ra'ayin harajin darajar fili. Tun da abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a nan Garwa ta Kamaru sun yi ta tambayata ko abin ya cancanci mutum ya hana idonsa barci, na ga ya fi sauƙi in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya karanta. Zama goma ne, ɗaya a kowane mako, ta manhajar Zoom, kuma ba a karɓi ko dala daga hannuna ba. Na bar sunan ƙungiyar da gangan, saboda malamanta mutane ne da suke ba da lokacinsu ba don kuɗi ba, ga shi kuma ina da ƙorafin da zan yi.

Wannan ƙungiya reshe ce ƙarama a jikin wata tsohuwar bishiya. Tushen bishiyar shi ne Henry George, ɗan jaridar Amurka da aka haifa a Filadelfiya a 1839, wanda ya ga yadda farashin filaye yake hawa a Kalifoniya alhali talauci yana ƙaruwa, ya rubuta littafinsa Progress and Poverty a 1879, ya tsaya takarar magajin garin Niyok a 1886 ya zo na biyu, sannan ya rasu a 1897. Mabiyansa sun kafa gidauniyar Robert Schalkenbach a Niyok a 1925, suka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna International Union for Land Value Taxation a Kopenhagen a 1926, sannan makarantar Henry George ta buɗe a Niyok a 1932. A Birtaniya mujallar Land & Liberty ta samo asali tun 1894, a Ostareliya kuma akwai Prosper Australia a birnin Melbon. Cibiyar Lincoln da aka kafa a 1974 a jihar Masachusets ta fi karkata ga bincike fiye da yekuwa, amma malamanmu sun yawaita kafa hujja da ayyukanta. An ba mu wannan tarihi a zama na farko, a taƙaice kuma a tsare, ba tare da an cika mu da sunaye ba.

Zama na biyu zuwa na huɗu su ne gwal ɗin kwas ɗin, kuma saboda su kaɗai zan iya cewa ban yi asarar lokacina ba. Abin da ake koyarwa shi ne a raba darajar fili da darajar abin da mutum ya gina a kansa. Gini gumin mai shi ne, domin shi ya sayi siminti da kwano ya biya magina. Darajar filin kuwa jama'a ne suke haifar da ita, ta hanyar titin da aka shimfiɗa, da kasuwar da ta cika, da famfo da wutar da aka jawo, da yawan mutanen da suke neman wurin zama. Saboda haka, in ji su, haraji ya kamata ya sauka daga kan gini da sana'a ya hau kan darajar fili zalla, kuma tun da ba a ƙera fili a masana'anta, ɗora masa haraji ba ya rage yawansa kamar yadda harajin kaya yake rage kayan da ake shigowa da su.

Malamar da ta ɗauki wannan sashe ta ba mu aikin gida, ta ce kowa ya fita unguwarsu ya nemo fili guda da aka bari ba a komai a kansa, ya tambayi kansa wa ya ƙara masa daraja. Ban sha wahalar nema ba. A hanyata ta zuwa aiki, ba nisa da filin wasa na Rumde Ajiya, akwai wani fili da aka zagaye da bulo jeri biyar ko shida, aka kafa masa ƙofar ƙarfe da ta yi tsatsa, aka rubuta da jan fenti da Faransanci cewa ba na sayarwa ba ne. A ciki babu komai sai tumfafiya da ledoji, da wata kusurwa da katangar ta zube wadda awakin unguwa suka mayar ƙofarsu. Na shekara fiye da goma ina wuce shi ban taɓa yi masa kallo na biyu ba. A cikin waɗannan shekaru an gyara filin wasan da titunan da ke kewaye da shi saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a Garwa a farkon 2022, a shekarar kuma aka ba garin jami'arsa, haya ta tashi, mai ɗakin da nake haya ma ya ƙara mini. Mai wancan fili bai ɗora bulo ɗaya ba, amma duk dillalin da ka tambaya zai gaya maka kuɗinsa ya ninka. Ranar da na tsaya a bakin ƙofar nan da wayata ina ɗaukar hoto, na fahimci darasin fiye da yadda na fahimce shi a zama uku, gani kuwa ya kori ji.

Da na dawo gida sai na gwada lissafin da tsarinmu na Kamaru, inda aka daɗe ana karɓar harajin dukiyar ƙasa a kan kashi 0.1 cikin 100 na darajar fili haɗe da ginin da ke kansa. A ɗauka akwai filaye biyu maƙwabta, kowanne ya kai sefa miliyan 10. Mai na farko ya bar nasa ga awaki, harajinsa sefa 10,000 a shekara. Mai na biyu ya ci bashi ya gina ɗakunan haya na miliyan 30, iyalai shida suka sami wurin kwana, harajinsa ya zama 40,000. Wanda ya yi wa gari aiki shi ne ya biya ninki huɗu. Idan aka cire gini daga lissafin aka ɗaga kason fili, su biyun za su biya daidai, kuma mai ajiye fili zai fara jin nauyin ajiyarsa, ko dai ya gina ko ya sayar wa mai ginawa. Na kai wannan lissafi ajin, malamar ta yaba, kuma ta yi gaskiya da ta tunatar da ni cewa kaso mai ƙanƙanta irin namu ba ya motsa kowa, ko an cire ginin ko an bar shi.

An wuce da mu ta misalan ƙasashe cikin sauri. Estoniya tana karɓar harajin fili zalla tun 1993, Danmak ta daɗe da nata, wasu garuruwan jihar Pensilbeniya suna ɗora wa fili kaso mafi girma fiye da gini. Na ji daɗin yadda ba su ɓoye labarin Pitsbag ba, birnin da ya bi wannan tsari daga 1913 har ya yar da shi a 2001 bayan rigimar da ta biyo bayan sake ƙiyasta darajar filaye. Daga Afirka an ambaci Nairobi, da Johannesbag wadda ta yi amfani da harajin fili zalla kafin dokar Afirka ta Kudu ta 2004 ta haɗa fili da gini, kuma ambaton bai wuce minti biyar ba.

A nan ne ƙorafina ya fara, kuma shi ne babba. Duk abin da aka koyar an gina shi ne a kan zaton cewa kowane fili yana da lamba a rajista, yana da iyaka a taswira, yana da mai shi guda ɗaya da hukuma ta sani. A wurinmu dokokin 1974 sun raba ƙasa zuwa mallakar mutum, da ta hukuma, da kuma ƙasar al'umma wadda gwamnati take riƙe da amanarta, kuma a wannan kashi na ƙarshe ne yawancin gonaki da makiyaya da tsofaffin gidajen gado suke. Shaidar mallaka da doka ta amince da ita ita ce takardar da kowa a nan yake kira titir fonsiye, kuma kafin a same ta sai kwamiti ƙarƙashin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ya fita ya ga wurin tare da mai gari da dattawansa, sai masu awo sun kafa duwatsun iyaka, sai takarda ta bi ofisoshi. Talaka da yawa bai taɓa soma wannan tafiya ba. Abin da yake riƙe da shi shi ne sanin jauro da lawan da lamiɗo, wato sarakunan gargajiya, da shaidar maƙwabta cewa kakansa ne ya sare dajin.

Na gwada ra'ayin a kan kawuna, wanda yake noman dawa da gyaɗa a wata gona da gari yake matsowa kusa da ita kowace shekara. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, idan gari ya iso gonata suka ce ta yi tsada, da me zan biya su, da damin dawa?" Na ce, "Kawu, malaman sun ce ana iya ɗaga wa irinku ƙafa, a jinkirta biyan har sai an sayar da gonar ko an gaje ta." Ya ajiye ƙotar ya ce abin da yake tsoro ya wuce biyan, domin ranar da aka rubuta kuɗin gonarsa a littafin hukuma, ranar ce masu kuɗin gari za su san da ita, kuma a cikinsu akwai wanda zai riga shi samun takarda. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Na ɗauki tambayar tasa kamar yadda ya faɗe ta na kai zama na bakwai, malamin ranar ya ce tambaya ce mai kyau, ya maimaita batun jinkirta biya, ya yi alkawarin aiko mini da rubutu a kan ƙasar gado, har aka rufe kwas ɗin rubutun bai zo ba. Mutanen kirki ne, amma makiyayin da yake ratsa fili da shanunsa wata uku a shekara, ko matar da take noma a gonar mijinta, ko gida guda da magada ashirin suke da haƙƙi a cikinsa, duk ba su da gurbi a cikin darasin.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin saninsu da cewa maganar tana da dangi a namu tarihin. Kalmar haraji kanta daga Larabci ta zo, kuma asalinta harajin ƙasa ne. Bayan an ci Iraƙi, Sayyidina Umar bai raba gonakinta ga mayaƙa ba, ya bar su a hannun manomansu ya ɗora musu harajin da yake shiga baitulmali, kuma a littattafan fiƙihu ana kawo hukuncinsa cewa wanda ya killace fili ya bar shi shekara uku bai raya shi ba ya rasa haƙƙinsa. Waɗannan hukunce-hukunce suna da nasu sharuɗɗa, kuma ba na cewa su ne ra'ayin Henry George, amma wanda yake son ya yi wa mutanen Garwa ko Marwa bayani, ta wannan ƙofa zai fi saurin shiga. A ƙasar Hausa ma an san kuɗin ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Har ila yau Percy Girouard, wanda ya mulki Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, ra'ayin Henry George ya yi tasiri a kansa, kuma dokar ƙasa ta 1910 da ta biyo bayansa ta sanya filayen Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna. Wannan darasi ne mai kaifi biyu da ya kamata ƙungiyoyin nan su riƙa koyarwa, domin yana nuna yadda maganar cewa ƙasa ta jama'a ce take iya zama makami a hannun mai mulki. Da na ambata shi a ajin, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa jin labarin.

Ta fuskar tsari, ana fara zama da ƙarfe shida na yammacinsu, wato sha ɗayan dare a wurinmu, da suka mayar da agogonsu baya a farkon Nuwamba kuma ya koma sha biyu, ga shi ina da aji da safe. Sau biyu wuta ta ɗauke na ƙarasa a tsakar gida da waya a hannu ina neman inda sadarwa ta fi ƙarfi. Data ta cinye mini kusan sefa 15,000 a makonni goman, kodayake na rage da na daina buɗe kyamara. Komai da Turanci ake yi, babu Faransanci balle Hausa ko Fulatanci, wanda hakan ya rufe ƙofa ga yawancin abokan aikina. Takardun karatun da suke turowa kuwa gajeru ne, masu sauƙin fahimta, kuma suna buɗewa a ƙaramar waya ba tare da matsala ba. Lokacin tambayoyi yakan tafi a hannun wasu dattawa biyu ko uku da suka daɗe a ƙungiyar, waɗanda suke muhawara a tsakaninsu kan abubuwan da sabon shiga bai san tushensu ba.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga ma'aikatan ofishin magajin gari, da masu awon filaye, da ɗaliban tattalin arziki da na shari'a, da 'yan jarida, matuƙar suna jin Turanci, kuma zama huɗun farko sun ishi wanda barci ya fi ƙarfinsa. Wanda yake neman a gaya masa yadda za a aiwatar da harajin a ƙasar da yawancin filayenta ba su da takarda, zai fita da tambayarsa a hannu kamar yadda ya shiga. Na rubuta wa masu shiryawa na roƙi su riƙa ajiye bidiyon kowane zama domin a kalla da rana, su nemi mai fassara zuwa Faransanci, su kuma keɓe zama guda ga ƙasar gado. Sun amince da na farko, sauran biyun sun ce za su duba.