Tsakuwa a Bututun Matsarmama: Sikanin ko MRCP?

Tun da ƙanwata ta yi fama da shawara da ciwon gefen dama, mutanen zangon Kumasi ke tare ni da tambayar wane hoto ya fi gano tsakuwa a bututun matsarmama.

Sikanin ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ya fi araha, ana samunsa kusan ko'ina, cikin 'yan mintuna an gama. Tsakuwar da ke cikin jakar matsarmama ba kasafai take ɓuyar masa ba. Amma wadda ta gangara bututu, iskar hanji kan rufe ta. Sau da yawa faɗaɗar bututun kawai zai nuna, idan ya wuce milimita 6, likita ya yi zargi.

MRCP kuwa na'urar maganaɗisu ce, tana zana bututun gaba ɗaya har ta nuna inda tsakuwar ta maƙale. Sai dai aljihu zai ji a jikinsa, ga kwanciya cikin rami mai ƙara, kuma mai ƙarfe a jiki sai ya faɗa tukuna. Duka biyun gani kawai suke yi, cirewa aikin ERCP ne, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ciro tsakuwar.

Mai ciwon da ya fara, ya fara da sikanin. Wanda idonsa ya yi rawaya amma sikanin bai ga komai ba, MRCP ne nasa.