Ƙara wa firintar ofis memori ko sayen sabuwa

Malam, tsakanin ƙara wa firintar ofishinku memori da sayen sabuwa, na gwada hanyoyin biyu, kuma ta farkon ce ta amfane ni.

Tsohuwar firintar leza da muke da ita ba ta taɓa gardama da wasiƙu ba, amma da zarar an tura mata fayil ɗin PDF mai taswira ko zanen gini, sai ta tsaya tana ƙifta fitila, daga bisani ta fito da rabin shafi. Abin da ke jawo haka shi ne irin wannan na'ura tana tsara hoton shafi a cikin memorinta kafin ta ja takarda. Shafin A4 baƙi da fari a kan ɗigo 600 a kowane inci yana cin sama da megabait 4, a kan ɗigo 1200 kuwa adadin ya ninka sau huɗu, ballantana idan mai launi ne. Ranar da na samo sandar memorin da ta dace, na kashe na'urar, na zare wayar wuta, na taɓa ƙarfen jikinta don kada cajin hannuna ya lalata sandar, sannan na danna ta cikin gurbinta har maƙallan suka kama. Da na buga shafin bayanan saiti na ga adadin ya ƙaru, sai na shiga manhajar direba a kwamfuta, wato wadda ke haɗa kwamfutar da firintar, na sabunta adadin memorin a can, domin wannan ne matakin da aka fi mantawa. Tun daga ranar take fitar da kwafi ashirin na dogon rahoto a jere, gaba da baya, ba tare da ta cije ba. Sai dai yawan shafukan da take bugawa a minti bai canza ba, don wannan aikin injinta ne.

Sabuwar firintar da na taɓa saya cikin gaggawa kuwa, ban ce ba ta aiki ba, amma ba ta da gurbin ƙari ko ɗaya, kuma tonarta, wato garin tawadarta, ta bambanta da wadda muka tara.

Ka yi hattara da masu sayarwar da za su miƙo maka memorin kwamfutar cinya su rantse duk ɗaya ne. Firintoci da dama na amfani da sanda mai haƙora 100 ko 144, alhali sandar memorin kwamfutar cinya nau'in DDR2 haƙora 200 gare ta. Wasu ma tsohuwa suke gogewa su sayar a matsayin sabuwa. Ka duba lambar sandar da iyakar abin da na'urar ke ɗauka a littafinta, kuma kada ka biya sai da sharaɗin mayarwa.

Idan taku tana da gurbi, kuma ba cin takarda ko dusashewar rubutu ne matsalarta ba, ka sayi memorin.