Hoton baƙi da fari mai kala ɗaya: wace manhaja ya kamata ka sauke?

Wannan salon da ake maida hoto gaba ɗaya baƙi da fari a bar abu guda da kalarsa, kamar jan gwaggwaron amarya ko koren hular ango, mutane da yawa sun ɗauka sai an biya kuɗi ake yinsa. To kafin ka sa katinka a ko'ina ka fara duba hoton naka tukuna, don hanya biyu ce aka fi bi, ko dai manhaja ta zaɓi kala ta bar ta duk inda take a hoton, ko kuma kai ka goge wurin da kake so da yatsa.

Lightroom na waya, ta kamfanin Adobe, ita ce gwanar hanyar farko, kuma wannan ɓangaren kyauta ne. Ka shiga Color ka taɓa Mix, kala takwas za ka gani, sai ka ja Saturation, wato ƙarfin kala, na guda bakwai zuwa -100 ka bar wadda kake so. Minti ɗaya an gama. Amma fa ga inda matsalar take, fatarmu tana zaune ne tsakanin ja da ruwan lemo, in ka bar ja don gyalen amarya sai ka ga leɓenta da kumatunta da jan lallen hannunta duk sun fito, har da wata kujerar roba can baya da ba wanda ya gayyace ta. In shuɗi ko kore kake so ka bari to ba ka da wannan damuwar sosai. Gyaran irin wannan ɓarnar sai da Masking, wato ware wani sashe na hoto a gyara shi kaɗai, shi kuma na masu biyan kuɗin wata-wata ne, ni dai ban ga dalilin ɗaukar wa kai biyan Adobe duk wata saboda hoton biki ɗaya ba.

A hanya ta biyu kuwa, Snapseed ta Google ita nake fara cewa mutum ya sauke. Ba talla, ba tambari a jikin hoto, ba ko sisi. Ka rage Saturation ɗin hoton duka zuwa ƙarshe, ka shiga View edits ka ɗauki buroshi, sai ka zaɓi inda baƙi da farin zai zauna da inda kala za ta dawo. Aikin yana son haƙuri gaskiya, dole ka zuƙo hoton sosai ka bi gefen mayafi a hankali, in leshi ne mai ƙananan huji kuwa sai yatsa ya gaji, amma abin da ka zaɓa shi kaɗai zai fito, ba kujera ba kumatu.

Google Photos na da Color pop, taɓawa ɗaya ta bar mutum da kalarsa ta kashe bayansa, sai dai mutum take ganewa, ba za ka ce mata hula kaɗai nake so ba, kuma ba kowace ƙaramar waya ke nuna shi ba. PicsArt ma tana yi amma tallace-tallacenta da yawan tura ka ka sayi na kuɗi sun isa su ɓata maka rai. Masu Samsung su leƙa editan Gallery ɗinsu tukuna, wasu na da Spot color a ciki tun daga kamfani.

In kai mai shagon hoto ne da za ka wanke babba a sa a firam, waya ba za ta fisshe ka ba, gefen da yatsa ya kauce zai fito ƙuru-ƙuru a takarda. Photoshop da linzamin kwamfuta ya fi, in kuɗin ya yi nauyi ga GIMP nan kyauta, ko Photopea da ake buɗewa a burauza ba sai an sauke ba. Waɗancan manhajojin da aka fasa ake rabawa a guruf kuma a bar su don Allah, ba ka san me aka cusa a ciki ba, ga hotunan iyalan mutane a wayarka.

In ka gama za ka tura wa mai shi ta WhatsApp ka tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse hoton, jan nan da ka sha wahala a kansa ya dusashe a gefe-gefe.